Zauren Manoma: Ruwan Rani da Inda Muka Dosa

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan ruwa suka tsaya. Mai ya yi tsada, rijiyoyi suna ja da baya tun bazara ba ta kankama ba, ƙasa kuma tana fitar da kanwa a wuraren da da ba a san ta da haka ba. Mun zaɓi guda bakwai, injiniyoyin ban ruwa da malaman gona masu kula da wannan fili suka zauna a kansu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Hekta ɗaya ta albasa da tattasai nake nomawa a fadama da injin fetur mai inci biyu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ya fi taki cin jarina. Kowa cewa yake in koma sola. Wane girma zan saya, kuma me zan kiyaye? (Manomin rani daga yankin Goronyo)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarar sola tana da kyau, amma kada ka shiga kasuwa sai ka san abu uku: yawan ruwan da gonar ke sha a rana, tsayin da za a ɗago shi, da abin da rijiyarka ke iya bayarwa.

Fara da gonar. Ruwan da ya kwanta da kaurin milimita 1 a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Kayan lambu da suka cika ganye suna shan milimita 4 zuwa 5 a rana da hunturu, a Maris da Afrilu kuma su kai 7 ko 8. Mu ɗauki 6, lita 60,000 ke nan a rana. Wannan abin da saiwa ke sha ne kawai. A ban ruwa na fangali, inda ruwa ke bin doguwar hanyar ƙasa, kusan rabinsa yana nutsewa a hanya ko ya zarce ƙarƙashin saiwa, sai ka tarar lita 100,000 ko fiye kake jawowa. Saboda haka kafin faifan sola, fara sayen tiyo ko fayif da zai kai ruwa har bakin fangali. Duk litar da ta tsira a hanya tana rage maka yawan faifan da za ka biya.

Rana mai ƙarfin juya famfo ba ta wuce awa 6 a yankinmu. Lita 60,000 cikin awa 6 na nufin famfon da ke ba da lita 10,000 a awa. Idan zurfin ruwa lokacin da ake ja, da tudun da zai hau, da jan da doguwar tiyo ke yi masa suka haɗu suka kai mita 15, kana bukatar famfo mai ƙarfin wat 900 ko kusa da haka, da faifai na wat 1,200, wato huɗu masu wat 300. Idan ka zauna a kan hanyar ƙasa, lissafin ya kusa ninkawa.

Gwada rijiyar da injin da kake da shi, kuma a Afrilu, ba a Disamba ba. Ɗaura dutse a igiya ka auna inda ruwa yake, ka tayar da inji awa huɗu, ka sake aunawa. Sannan ka duba agogo kana cika duro mai lita 200: idan ya cika cikin daƙiƙa 72 har ƙarshen awa huɗun, rijiyar tana ba da lita 10,000 a awa. Idan ruwan ya sauka ƙasa da mita 7, injin da ke zaune a bakin rijiya ba zai iya zuƙo shi ba komai ƙarfinsa, sai famfon da ake zurawa ciki, wanda 'yan kasuwa ke kira sumo. Shi kuma ba ya shiga siririn fayif mai inci biyu, sai rijiya mai faɗin inci huɗu ko biyar.

Abin da ya fi kashe famfon sola shi ne yashi da juyawa babu ruwa. Kada a zaunar da shi a gindin rijiya, a ɗaga shi mita ɗaya ko fiye, kuma a tabbata an haɗa 'yar na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya yanke. Faifan su fuskanci kudu da karkata kaɗan, digiri 12 zuwa 15. A wanke ƙurar hunturu da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, aƙalla sau biyu a mako. Inuwar reshe ɗaya a kan faifai guda tana rage ƙarfin duk waɗanda ke jere da shi. Batir ba ka bukatarsa, tanki ko tafkin ajiya ya fi shi arha da daɗewa. Injin fetur ɗinka ma kada ka sayar, akwai ranakun hazo.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta mata ta samu kayan ban ruwa na ɗigo don lambu mai mita 20 da 25. Wata biyu kacal, rabin ramukan suka toshe, tumatir na ƙarshen layi ya yi yaushi. Kayan ne ba su da kyau? (Shugabar wata ƙungiyar mata, kusa da Maraɗi)

Amsa: Hajiya, sannunku da ƙoƙari. Da wuya laifin kayan ne. Ramin ɗigo bai kai kaurin allura ba, kuma abu huɗu ne ke toshe shi: yashi, gansakuka, tsatsar da ke cikin wasu ruwan rijiya, da taki da bai narke ba.

A ɗora tanki a kan dakali mai tsayin mita ɗaya da rabi, a rufe shi ruf, domin hasken rana ne ke haifar da gansakuka. Bakin da ruwa ke fita ya zama santimita 10 sama da gindin tankin, laka ta samu wurin kwanciya. A cika shi da yamma ya kwana. Idan ruwanku yana barin jan tabo a bokiti, wannan kwanan dole ne, don tsatsar ta kwanta kafin ta shiga layi. Tsakanin tanki da babban fayif a sa matata mai lamba 120, a wanke ta kullum. Mun sha ganin an cire matata don wai tana rage gudun ruwa, kuma daga ranar toshewa ke farawa. Idan gudu ya ragu, wanka take nema.

Sau ɗaya a mako a buɗe ƙarshen layuka, biyu ko uku a lokaci guda, a bar ruwa ya fita har ya yi gari. A shimfiɗa layin ramukansa suna kallon sama. Takin yuriya yana narkewa duka, ana iya jiƙa shi a tace a zuba a tanki, sannan a bi shi da ruwa zalla na minti 15. NPK na buhu yana barin tsaki, a ƙasa ake sa shi da hannu.

Ga lissafin lambunku. Layi 20 masu tsawon mita 25, da rami a kowane santimita 30, sun ba da ramuka kusan 1,670. Lambun yana shan lita 2,500 a rana idan muka ɗauki milimita 5. Idan kowane rami yana ɗigar da lita ɗaya a awa, awa ɗaya da rabi ta isa. Amma tankin da bai yi tsayi sosai ba ba ya ba da abin da aka rubuta a jikin kwali, don haka ku auna da kanku: kofi ɗaya a ƙarƙashin ramin farko, ɗaya a na ƙarshe, minti goma. Idan na ƙarshe ya gaza na farko da fiye da kashi ɗaya cikin biyar, ko dai layin ya toshe, ko ya yi tsawo, ko ƙasar tana hawa. Raba lambun biyu da shigo da babban fayif ta tsakiya yakan magance wannan. Ƙasar jigawa irin ta yankinku ba ta riƙe ruwa, gara a raba shi biyu, safe da yamma. Ɓeraye kuma ƙishirwa ke sa su huda layi, ku ajiye musu ruwa a kasko a gefen lambu.

Ɗigo ya dace da tumatir, tattasai, kankana da kabeji. Ba na shinkafa ko alkama ba ne.

Tambaya: Wani ɓangaren gonata yana yin fari kamar an barbaɗa gishiri, alkama ba ta fita a wurin. Na ƙara taki bai yi ba. (Manomi daga Bunkure)

Amsa: Malam, dakatar da ƙarin taki a wurin, shi ma gishiri ne a wajen ƙasa. Abin da ke faruwa shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da sama saboda yawan ban ruwa da toshewar magudanai. Rana tana zuƙo shi, ruwan ya tafi, gishirin ya zauna.

Haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi ka bar shi ya kwana. Idan ka tarar da ruwa bai kai mita ɗaya daga sama ba, magudanar fitar da ruwa ce matsalarka, kuma babu abin da zai yi aiki sai an yashe ta. Bayan nan sai wanki: kankare farin ka fitar da shi daga gona, ka ɗaga kunya kewaye da wurin, ka tsayar da ruwa mai zurfin santimita 10 zuwa 15 ya nutse, ka maimaita sau uku ko huɗu. Idan kuwa ruwan ya ƙi nutsewa, ƙasar tana santsi in ta jiƙe, ta yi tauri kamar siminti in ta bushe, to kanwa ce, wanki kaɗai ba ya fitar da ita sai an haɗa da jifsam, wani farin ma'adini da ake barbaɗa wa ƙasa, da takin gargajiya mai yawa. Yawan jifsam gwajin ƙasa ne ke faɗinsa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tashar binciken ban ruwa a Kadawa, kusa da kai.

Ga masu rijiya, ɗan ma'aunin nan da masu ruwan leda ke tsomawa a ruwa don auna yawan gishirin da ya narke a cikinsa yana da amfani. Ƙasa da 450 babu damuwa, daga nan zuwa 2,000 sai da lura da wanki lokaci-lokaci, sama da haka ruwan zai kashe gona. Albasa, karas da wake ne ke fara nuna wahala. Alkama tana da juriya, don haka inda ta ƙi fita abin ya yi nisa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai karatun aikin gona. Shin makomar noman rani a ƙasashe irin namu tana ga manyan madatsun ruwa ne ko ƙananan injuna? (Daga Zariya)

Amsa: Ɗanmu, tarihin shekara hamsin na yankinmu ya riga ya ba da rabin amsar. An kammala Dam ɗin Tiga a 1974, aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma shi ke shayar da Kura, Bunkure da Garun Malam, inda aka tsara hekta 22,000 a zangon farko. Ruwan yana gangarowa da kansa, babu inji babu mai, shi ya sa har yau yana aiki duk da lalacewar da ya sha. A Dam ɗin Bakalori na Jihar Zamfara, da aka gama a 1978, an shimfiɗa wa babban ɓangaren aikin na'urorin feshi masu dogaro da lantarki. Da wuta da kayan gyara suka gagara, ɓangaren ya tsaya, har gyaran da aka yi daga baya a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya ya koma ga mayar da wani sashe zuwa ban ruwa na gangara. A yankin Marte kuwa an tsara shayar da sama da hekta 60,000 daga Tafkin Cadi, sai tafkin ya janye lokacin fari na shekarun 1980 ya bar bakin hanyar ruwan a busasshiyar ƙasa. Ba za mu wuce Bakalori ba tare da tuna manoman da aka kashe a 1980 suna neman diyyar gonakinsu ba. Aikin ruwa da bai fara da haƙƙin mutanen wurin ba, da rauni yake tashi.

A gefe guda, daga shekarun 1980 hukumomin bunƙasa noma na jihohi, sannan shirin Fadama na farkon shekarun 1990, suka yaɗa ƙananan rijiyoyi da injin fetur. Manomi ya ajiye jigo, ya mallaki ruwansa, yana bayarwa ranar da ya ga dama. Albasar Aliero da shinkafar rani ta Kabi a kan wannan suka tsaya. A ganinmu yawancin faɗaɗawar da za a gani nan gaba ta nan za ta zo, da sola a madadin fetur. Manyan madatsun kuma, gyara waɗanda ake da su ya fi gina sababbi gaggawa. Ɓallewar Dam ɗin Alau a Satumban 2024 da abin da ya yi wa Maiduguri ya nuna kuɗin da sakaci da gyara ke ci.

Sai dai akwai abin da ke damunmu da sola, kuma muna so ɗalibai irinka su riƙe shi. Tsadar fetur, duk da zafinta, ita ce ke sa manomi ya kashe inji. Da sola babu abin da zai sa ya kashe, daga hantsi har la'asar famfo yana ja. Manomi ɗaya ba komai. Dubu a fadama ɗaya kuwa, ruwan ƙasa zai sauka, mai hali ya zurfafa rijiyarsa, marar hali tasa ta ƙafe. Jihar Panjab ta Indiya ta shiga wannan hali bayan an ba manoma lantarki kyauta. Ruwan fadamarmu ba teku ba ne, ambaliyar damina ce ke cika shi kowace shekara, kuma madatsun da ke sama sun rage wannan ambaliyar a wurare da dama.

Abin da za a iya farawa yau ba shi da tsada. Kowace fadama ta ware rijiya biyu ko uku da ba a ja daga cikinsu, a riƙa auna zurfin ruwa da igiya ranar ɗaya ga kowane wata, a rubuta a littafi. Idan shekara uku a jere ruwan Oktoba bai dawo inda yake a bara ba, ana ɗiba fiye da abin da ke shiga, sai a zauna a kan tazarar rijiyoyi da yawan filin da za a ba shinkafa. A tudun da ke kewaye kuma a taimaki ruwan sama ya nutse, kamar yadda manoman Tawa a Nijar suka farfaɗo da fako da tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwan sama, da kunyoyi masu siffar rabin wata da jerin duwatsu.

Tambaya: Shinkafar rani nake yi da rijiya. An ce ba dole ruwa ya tsaya a gonar kullum ba. Gaskiya ne? (Daga Suru, Jihar Kabi)

Amsa: Gaskiya ne, Alhaji. Shinkafa tana jure tsayuwar ruwa, amma ba ta bukatarsa kullum. Hanyar da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta gwada tana rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba, in an bi ta daidai.

Yanki fayif mai faɗin inci huɗu, tsawon santimita 30. Huda ƙananan ramuka kewaye da santimita 20 na ƙasansa, ka kafa shi a gona har ramukan su nutse, ka kwashe taɓon ciki da hannu. Zaɓi wurin da ba tudu ba kwari ba. Mako biyu bayan dashe, ba da ruwa ya kai santimita 5 a kan ƙasa, ka bar shi. Ko saman ya bushe kada ka tayar da inji, leƙa cikin fayif. Sai ruwan ciki ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar gona sannan ka sake cikawa. Daga mako guda kafin ta fitar da kai zuwa mako guda bayan fure, ruwa ya tsaya ba yankewa, domin ƙishirwar wannan lokaci ce ke kawo ƙaiƙayi. Idan ciyawa ta yi yawa, jinkirta farawa har shinkafar ta rufe ƙasa. A gona mai kanwa ko mai yashi sosai kada a gwada.

Tambaya: Gonakinmu suna ƙarshen hanyar ruwa. Na sama sun sha sun ƙoshi har yana malala, mu sai mako biyu ba mu gani ba, ga kacalla ta cinye hanyar. (Wasu manoma daga Jihar Jigawa)

Amsa: 'Yan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Kacalla tana son ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Da can kogunan Haɗeja suna bushewa da rani, sai sakin ruwa daga Tiga da Challawa duk shekara ya ba ta wurin zama, ta toshe hanyoyi har zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, ta zama gidan jan-baki. Ƙona ta ko sare ta a sama ba ya kashe ta. Ta cikin ganye take shaƙar iska, don haka a yanke ta ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya, a tabbata ruwa ya rufe kututturen, a maimaita sau biyu ko uku da zarar ta tofo, kafin ta yi fure. A fitar da abin da aka yanka daga hanya. Inda za a iya rufe ruwa, a busar da hanyar wasu makonni tsakanin damina da rani a yashe lakar da saiwoyin.

Rabon ruwa kuwa sai da ƙungiyar masu amfani da ruwa wadda ta haɗa na sama da na ƙasa. Jadawalin ya zama a rubuce, awoyin kowa gwargwadon faɗin gonarsa, kuma zagayen ya fara daga ƙarshen hanya ya hauro. A kafa sanda mai alamar santimita a bakin hanya da ƙarshenta, kowa ya ga abin da ya shigo da abin da ya iso. Kuɗin ruwa a karɓa da kaka, a karanta lissafinsa a bainar jama'a. Ku nuna wa na sama cewa ruwan da suke malalarwa shi ne ke tayar musu da kanwa.

Tambaya: Yaya zan gane lokacin ban ruwa ya yi ba tare da na'ura ba? (Matashin manomi daga Damagaram)

Amsa: Da hannunka, ɗan'uwa. Kada ka duba saman ƙasa. Tona zurfin taƙi ɗaya kusa da saiwa, ka damƙi ƙasar ka matse. Idan ta dunƙule ta bar danshi a tafinka, bari sai gobe. Idan ta dunƙule amma ta wargaje da ka taɓa ta da yatsa, lokaci ya yi. Idan ta ƙi dunƙulewa, ka makara. Yaushin ganye da tsakar rana ba hujja ba ne, wanda ya kwana bai miƙe ba shi ne na ƙishirwa. Ba da ruwa da sassafe ko bayan la'asar, ka rufe gindin shuka da bambaro ko buntun shinkafa kaurin yatsu uku. Albasa kuma a yanke mata ruwa kwana 10 zuwa 14 kafin cira, idan wuyanta ya fara kwanciya, don kada ta ruɓe a rumbu.